Gagara-raba a Labaran Ƙarfe Ɗaya

A gidan rediyon nan kowa Anti Ƙarfe Ɗaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, domin shekara ashirin da shida ke nan ita ke karanta labaran ƙarfe ɗaya na rana. Mace ce mai tsabtar harshe, ga ta kuma ba ta ɗaukar raini. In mai fassara ya kawo mata jimla gurguwa ba ta faɗa, ba ta zagi. Sai dai ta karanta masa ita a fili, sannu a hankali, a gaban mutane, har sai ya miƙo hannu da kansa ya karɓi abarsa.

Mijinta malamin lissafi ne da ya yi ritaya daga makarantar sakandare. Mutane in sun ajiye aiki sukan koma gona ko su buɗe ɗan shago. Shi kuwa Malam sai ya sayo kwamfuta mai ƙaton akwati, ya kafa ta a kusurwar falo, ya shiga sahun wasu mutane na ƙasashe daban-daban da suka raba wa junansu aikin neman wata irin lamba. Shekara tara injin nan yana ƙugi, Malam yana zaune gefensa da littafin rubutu da fensir, yana zaɓar inda za a bincika, yana soke inda aka gama. Ƙannen Anti suka laƙaba masa Makiyayin Lamba. In sun zo gaisuwa sai sun tambaye shi ko garken ya ƙaru, shi kuma ya yi murmushi ya ce ana nan ana kiwo. A faɗi gaskiya, Anti ba ta taɓa kwaɓarsu ba, wani lokacin ma ita ke fara dariyar.

Ran Litinin da safe Malam ya tare ta a bakin ƙofa, ya ce masanan da ke tantancewa sun aiko da amsa bayan mako uku, lambarsa ta tabbata, ita da 'yar'uwarta. Anti tana laluben makullin mota a jaka. Ta ce madalla, ta ce kada ya manta mai gyaran famfo zai zo da hantsi. Ya ce ba zai manta ba, ya koma ciki.

Ran Laraba da ƙarfe sha ɗaya da rabi aka zauna tsara labarai kamar kullum. Edita ne ke jagorantar zaman, mutum mai ƙoƙari amma mai son a yi dariya a duk inda yake, bai fi shekara biyu da zuwa daga wata tasha ba. Gefensa Mai Ƙamus ne, tsohon mai fassarar gidan, wanda ba a taɓa ganinsa ba tare da ƙamus ɗinsa mai yagaggen bango ba. Shi ne ya miƙo wata takarda da ta zo da Turanci daga ƙungiyar masana lissafi, tare da fassarar da ya yi mata. Kalmar da masanan ke kiran irin wannan lamba da ita, ita ce wadda Turawa ke sawa a gaban minista in suna nufin shugaban gwamnati. Don haka Mai Ƙamus, da zuciya ɗaya, ya rubuta cewa wani dattijo a garin nan ya gano firaministar lambobi.

Edita ya yi dariya har da dukan tebur. Ya ce ai an samu labarin rufewa, a sa shi can ƙarshe bayan na akuyar da ta hau motar haya ta ƙi sauka. Labaran rufewa kuwa an san yadda ake yi musu. Anti takan karanta su da murmushi a murya, Mai Na'ura, mai kula da sauti, ya biyo da ɗan kiɗan barkwanci, masu sauraro su kwana biyu suna maimaitawa a shagon aski da wurin ɗinki.

Takardar ta zagayo hannun Anti. Ta ga sunan dattijon a layi na biyu, sunan mijinta ne. Kunya ce ta fara kama ta, domin nan take ta tuna makullin mota da mai gyaran famfo. Daga nan sai haushi ya taso. Nan da awa ɗaya da rabi, da bakinta, za ta mai da aikin shekara tara na mijinta abin dariyar gari, shi kuma yana zaune a falo da rediyo a gabansa, domin bai taɓa barin labaranta sun wuce shi ba.

Da ta ga dama da ta ce wa Edita mijinta ne. Amma ta san abin da zai biyo baya. Ko dai ya cire labarin don tausayi, ko ya ɗaga shi sama don alfarma, kuma duk biyun a wurinta cin fuska ne. Ita ba tausayi take nema wa Malam ba. Ta ajiye takardar a kan tebur, ta daidaita ta da yatsa.

"Wannan ba labarin dariya ba ne," in ji ta.

Edita ya ce to na mene ne? Ya duba takardar Turancin ya ce an rubuta dubu hamsin da bakwai da 'yan kai, ai mutanen da ke shiga filin ƙwallo ranar babban wasa sun fi haka yawa. Anti ta ce ba lambar ke nan ba, yawan alƙalumanta ke nan. Ɗari alƙalami uku ne, miliyan alƙalami bakwai, wannan kuwa alƙalami dubu hamsin da bakwai ne a jere. In da za a ba ta ita ta karanta, alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba tari ba shan ruwa, sai ta kusa yin awa goma sha shida a gaban makirufo. Mai Ƙamus ya sauke tabarau ya dube ta.

Edita ya ce ya ji tana da tsawo, amma kowa ma yana iya zama ya jera alƙaluma har ya gaji. Me ya raba ta da sauran?

Anti ta jawo farantin shayi, ta zazzage ƙwayoyin sukari a kan tebur. Ta ƙirga goma sha biyu ta ce Edita ya raba su daidai ba tare da ya fasa ko ɗaya ba. Ya raba gida biyu, ya raba gida uku, ya raba gida huɗu, yana yi yana murmushin mai biye wa babba. Ta ƙara masa ƙwaya ɗaya ta ce ya sake. Ya gwada biyu, ɗaya ta yi saura. Ya gwada uku, ɗaya ta yi saura. Ya gwada biyar, uku suka tsaya suna kallonsa. Ta ce kada ya wahalar da kansa, goma sha uku ba ta rabuwa sai dai a bar ta dunƙule ko a warware ta ɗaiɗai. Haka bakwai take, haka goma sha ɗaya, haka ashirin da uku. Biyu ce kaɗai cika a cikinsu, sauran duk mara ne. Kuma duk wata lamba a duniya, in ba irinsu ba ce, to ninkinsu ce, da su aka gina ta.

Tana magana tana jin mamakin kanta. Ba ta taɓa zama ta koyi wannan ba. Abin da Malam ke faɗa ne a kan abinci, da lokacin da take guga, da lokacin da take cewa "uhm" hankalinta yana wani wuri. Ashe duk ya shiga ya samu wurin zama.

Ta ci gaba ta ce su ma a cikinsu akwai iri-iri. Akwai tilo, kamar ashirin da uku, wadda ba ta da 'yar'uwa kusa. Akwai wadda in ka ninka ta biyu ka ƙara ɗaya ka sake samun irinta, kamar goma sha ɗaya da ke haifar ashirin da uku. Akwai kuma tagwaye, waɗanda lamba ɗaya ce tak a tsakaninsu, kamar goma sha bakwai da goma sha tara, ko ashirin da tara da talatin da ɗaya. In ka cire uku da biyar, lambar da ke tsakanin tagwaye kullum tana rabuwa gida shida. Iya nisan da ka yi cikin ƙirga, iya ƙarancin tagwayen, kuma har yau ba wanda ya iya tabbatarwa ko suna da ƙarshe ko ba su da shi. Abin da dattijon nan ya samo tagwaye ne, a can inda kowace ɗaya ke da alƙalami dubu hamsin da bakwai.

Edita ba wawa ba ne, son dariya ne kawai ya yi masa yawa. Ya ɗauki ƙwayar sukari ɗaya ya jefa a baki, ya ce ya yarda labari ne. Amma ba zai bari a cika wa mutane kunne da bayanin minti biyar ba, kuma ba zai bari a kira abu da sunan Turanci a labaran Hausa ba. Daƙiƙa arba'in zai ba ta. In ta kawo masa kalma ɗaya ta Hausa da Mai Na'ura zai ji ya gane, labarin zai shiga na huɗu, kafin wasanni. In ba ta kawo ba kafin ɗaya saura minti goma, firaminista za ta bi akuya. Agogon bango ya nuna sha biyu da minti goma.

Mai Na'ura, wanda ke kula da sauti a ɗakin watsa labarai, ya yi suna wajen ƙin lissafi. Shi da bakinsa yake cewa ranar da ya bar makaranta ya yafe wa kowa ban da wanda ya ƙirƙiro rabawa. Aka kira shi ya zauna a matsayin alƙali.

Mai Ƙamus, da yake yana son wanke kansa, ya buɗe littafinsa ya yi ta lasar yatsa yana juya shafi. Can ya ɗago da fara'a ya ce ya samo: lamba marar rabo. Anti ta yi masa kallon da ya sa ya rufe ƙamus. Ta tambaye shi ko ya taɓa jin an ce wa mutum marar rabo don yabo. Ya ce a'a. Ya sake tunani ya ce to tunda ba ta kasuwa kashi-kashi, a ce lambar da ba ta kasuwa. Mai Na'ura ya ce shi dai in ya ji haka a rediyo zai ɗauka kayan ne suka yi kwantai, ba mai saye. Aka gwada ƙi-rabuwa, Edita ya ce wannan sunan shirin sasanta ma'aurata ne. A gida Malam masu taurin kai yake ce musu, amma wannan maganar falo ce, ba ta labaran ƙarfe ɗaya ba.

Sha biyu da rabi ta wuce. Anti ta fita baranda ta ciro waya, ta nemo lambar Malam, ta tsaya da yatsa a kai. Ta san zai ɗauka kafin ƙara ta biyu, kuma zai amsa mata da murna ba tare da ya tuna mata komai ba. Wannan ne ma ya hana ta kira. Shekara tara yana ba ta labarin abin nan kyauta tana kawar da kai, ba za ta zo yau ta ce ya yi mata aikinta ba. Harshe sana'arta ce, kamar yadda lamba take tasa. Ta mai da wayar jaka.

Ta tsaya tana juya abin a ranta. Duk kalmomin da aka kawo suna nuna kamar lambar ce ta rasa wani abu, marar kaza, ba ta kaza. Amma ba haka ta gani a kan tebur ba. Goma sha uku tana nan zaune lafiya lau, Edita ne ya yi ta kai mata hannu yana dawowa. Ba ita ta kasa ba, masu rabawar ne ta gagara.

Ta dawo ɗakin da sauri har mayafinta na zamewa. Ta tsaya gaban Mai Na'ura.

"Gagara-raba," ta ce. "Lamba ce da ta gagari mai rabawa. Goma sha biyar, gagara-raba ce ko ba ita ba ce?"

Ya ɗaga ido sama, leɓensa na motsi. "Ba ita ba ce. Biyar-biyar sau uku."

"Goma sha tara fa?"

Wannan ta ɗauke shi lokaci. Ya yi da yatsun hannu, ya koma kan maɓallan rigarsa, kowa na jira. Sannan ya ce, da muryar wanda ya ba kansa mamaki, "Wannan gagara-raba ce."

Mai Ƙamus ya zaro biro ya rubuta kalmar a gefen shafin ƙamus ɗinsa, abin da bai taɓa yi wa maganar wani a gidan ba. Edita ya dubi agogo, ya ɗauki jan biro ya ja kibiya daga ƙasan jerin labarai zuwa na huɗu.

Minti bakwai ya rage lokacin da ta zauna a ɗakin watsa labarai tana rubuta labarin da hannunta. Jimla ta farko da ta biyu sun zo da sauƙi. A ta uku ne biron ya tsaya, domin nan ne sunan zai shiga. Shekara talatin da ɗaya da aurensu, Anti ba ta taɓa furta sunan mutumin nan da bakinta ba. A gida Malam ne, a waje Baban yara ne, a asibiti kuwa rubutawa take yi ta tura wa ma'aikaciya takardar. Ba wanda ya sa ta, girmamawa ce da ta taso da ita har ta zame mata jiki. Tana iya cewa wani malamin lissafi mai ritaya ta wuce abinta, ba mai tuhumarta. Amma duk sabon mai karanta labarai da ya biyo ta hannunta ta koya masa cewa labari ba suna jita-jita ne. Kuma in ba a faɗi sunan ba, aikin ya zama na kowa ke nan. Ta rubuta shi cikakke, da na mahaifinsa.

Jar fitilar fara watsa labarai ta kama. Ta karanta na farko da na biyu da na uku kamar yadda ta saba, ba gargada. Ta juya takarda.

"Masana lissafi sun tabbatar da gano wasu manyan lambobi biyu daga cikin waɗanda ake kira gagara-raba, wato lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kamar bakwai da goma sha uku. Lambobin biyu tagwaye ne, lamba ɗaya ce tak a tsakaninsu, kuma kowace tana da alƙaluma fiye da dubu hamsin da bakwai. Wanda ya gano su, bayan shekara tara yana bincike daga falon gidansa, malamin lissafi ne mai ritaya a garin nan."

Ta ja numfashi, ta faɗi sunan. Ta ba kowace gaɓa haƙƙinta, kamar yadda take yi wa sunayen shugabannin ƙasashe, har ma da ɗan ƙari. Muryarta ba ta yi rawa ba, amma ta ji zafi ya hau fuskarta har kunne, ta kuma ji wani alfahari ya cika mata ƙirji irin wanda rabonta da shi tun ranar da babbar 'yarsu ta gama jami'a.

Ta bayan gilashi Mai Na'ura ya miƙe tsaye. Shekara ashirin suna aiki tare, ya sha cin abinci a falon nan, kuma shi bai ga takardar ba sai yanzu da ya ji da kunnensa. Da aka gama labarai shi ya riga ta fita, kafin ta tattara takardunta duk gidan ya sani. Edita ya same ta a baranda, kunya ta rufe shi, ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tun farko. Ta ce da ta faɗa da alfarma ya yi mata, shi kuwa aikin Malam ba ya bukatar alfarmar kowa.

Ƙarfe uku ta isa gida. Malam yana zaune a kujerarsa gefen kwamfuta, rediyo a kan tebur a kashe, wayarsa tana ta ruri bai ko dube ta ba. Tsofaffin ɗalibansa ne ke kira, da abokan aiki na da, da ƙannen Anti su ma. Ya yi mata sannu da zuwa. Sannan, da yake malami malami ne, ya ce ba fiye da dubu hamsin da bakwai ba ne kawai, dubu hamsin da bakwai ne da ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ta ce daƙiƙa arba'in aka ba ta. Ya tambaye ta wane masani ne ya ba su kalmar nan, ta ce ita ce masanin. Ya maimaita kalmar a hankali sau biyu, yana jinjina kai. Ya ce to bayanin tagwayen fa, wa ya yi mata? Ta ce yana faɗa tana ji.

Ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, alhali ba abin da ya same shi. Anti ta ajiye jaka ta zauna a hannun kujerar da ke kusa, ta rasa ta inda za ta fara ba shi haƙuri. Shi ya riga ta magana, bai ɗago ba.

"Ashe kin san sunana."

"Na san shi, Malam," ta ce. "Wurin da ya isa in faɗe shi ne ban samu ba sai yau."